Fiziyoloji ba ɗakin jiran likitanci ba ne

Duk shekara idan jami'o'inmu suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gidajen da ake rasa ko barka za a yi ko jaje. Yaro ya cika likitanci a fom ɗin JAMB, ya hana idonsa barci, ya ci maki mai kyau, sai ya duba ya tarar Fiziyoloji aka ba shi. Uba ya ce, "Shi kuma wannan mene ne? In ka gama likita kake ko ba likita ba?" Wani kawu ya sa baki ya ce ai su ne masu gashin ƙashi, alhali wancan fanni ne daban. Daga ƙarshe a rufe zancen da abin da aka saba rufe shi: "Karɓi kawai, da babu gara ba daɗi. In ka dage a aji ɗaya za su mayar da kai likitanci."

Fannin na karanta, kuma har yau ina ƙaunarsa. Saboda wannan ƙaunar ce nake ganin lokaci ya yi da za a daina rufa-rufa. Ilimin yadda jikin ɗan Adam ke aiki ilimi ne mai daraja, yana cikin waɗanda Arewa ta fi bukata. Amma yadda muke ɗibar yara muna zubawa a cikinsa, ba a gaya musu gaskiya a ranar shiga ba, ba a kuma tanadar musu wurin zuwa a ranar fita ba, wannan zalunci ne. Jami'a ta sani, gwamnati ta sani, malaman sashen sun fi kowa sani.

Yadda abin ke faruwa ba a ɓoye yake ba. Masu zana JAMB a shekarun nan sun doshi miliyan 2, kuma likitanci na sahun gaba a abin da aka fi nema. Sai dai kowace makarantar koyon likitanci tana da adadin da hukumar MDCN ta ƙayyade mata, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, kuma idan ta wuce ƙa'ida za ta gamu da hukunci. Fiziyoloji da Anatomi ba su da wata hukumar sana'a da ke tsaye a kansu da irin wannan sanda. Don haka duk wanda ya yi saura, kuma makinsa ya yi kyan da ba za a so a sake shi ba, sai a tura shi can. Maganar komawa likitanci bayan aji ɗaya kuwa, tana faruwa ga 'yan ƙalilan a wasu jami'o'in, amma kujerun da suka cika tun farko ba sa ƙaruwa don wani ya yi ƙoƙari. Mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan alkawari a gida, a sashen za su yi shekara huɗunsu su gama, wasu har su fita ba su taɓa yarda a zuciyarsu cewa nan ne wurinsu ba.

Abin takaicin shi ne, ɓacin rai yakan rufe musu ido daga abin da ke gabansu. Anatomi yana nuna maka yadda aka ƙera jiki, shi kuma Fiziyoloji yana tambayar yadda yake aiki da dalilin da ya sa yake aiki haka. Zuciyar babban mutum tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti yana zaune, kuma da ya tashi da gudu sai ta ninka hakan sau huɗu ko biyar ba tare da ya umarce ta ba. Wa ya gaya mata? Ƙoda biyu suna tace ruwa kusan lita 180 a rana, amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran duk a mayar da shi cikin jini, ana auna gishirinsa daidai wa daida. Mai azumi ya wuni bai sha ba, sai ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsarin la'asar yake fita kaɗan kuma ja. Duk wanda ya zauna ya fahimci wannan, ya san ba ragowar ilimi aka ba shi ba. A kan wannan likita yake gina komai nasa. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya yi bayanin yadda jini ke bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya, fiye da shekara 300 kafin William Harvey ya wallafa nasa bayanin zagayawar jini a 1628.

Ga wanda ke ganin duk wannan karatun allo ne kawai, ya tuna da ruwan gishiri da sukari. Babu uwar da ba ta san shi ba a ƙasar Hausa, musamman tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, lokacin da aka yaɗa shi lungu da saƙo. Amma mutum nawa ne suka san daga ina ya fito? A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata kafa da gishiri da sukari suke shiga jiki tare, ɗaya ba ya wucewa ta nan sai da ɗayan, kuma duk inda gishiri ya nufa ruwa na biye da shi. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara, duk da yana sa hanji ya yi ta tsiyayar da ruwa, bai lalata wannan kafar ba. Ke nan idan ka haɗa gishiri da sukari a ma'aunin da ya dace, marar lafiya zai iya mayar da ruwan jikinsa ta baki, ba sai an sa masa ledar ruwa ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ruwa suka ƙare, sai Dokta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan a manyan duro ana bai wa dangin marasa lafiya suna shayar da su. Mace-mace ya sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A 1978 mujallar Lancet ta ce mai yiwuwa wannan shi ne ci gaba mafi muhimmanci da fannin lafiya ya samu a ƙarnin. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Wani ne ya fahimci yadda hanji ke aiki.

Haka allurar insulin da masu ciwon suga ke rayuwa da ita. A sashen Fiziyoloji na Jami'ar Toronto aka samo ta a 1921, kuma Charles Best, wanda ya yi aikin tare da Frederick Banting, yaro ne ɗan shekara 22 da ya gama digirinsa na farko ke nan a Fiziyoloji da kimiyyar sinadaran jiki. Sai daga baya ya karanta likitanci.

Ba sai mun je Kanada ba ma. Ƙasarmu cike take da tambayoyin da masanin aikin jiki ne ya kamata ya tsaya a kansu, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa: kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya rigingine. Suka yi zargin al'adun jego. Kunun kanwa yana ɗauke da gishiri mai yawa da ke sa jiki ya tara ruwa, zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa suna buɗe jijiyoyin fata, sai aiki ya yi wa zuciya yawa. Bayani ne mai ma'ana, kuma an daɗe ana koyar da shi. Shekaru da dama bayan haka Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake duba lamarin, suka tarar da yawa daga cikin matan suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, kuma talauci da rama sun fi fitowa fili a matsayin dalili fiye da al'adun da aka ɗora wa laifi. Binciken da aka yi a asibitocin Sakkwato da Kano ya nuna ciwon yana kama kusan mace 1 cikin kowace 100 da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Waɗanda suka yi wannan aiki likitocin zuciya ne, a tsakanin duba marasa lafiya da zagayen ɗakunan kwanciya suke samun lokacinsa. Ina masu Fiziyolojin da ya kamata su zauna a ɗakin gwaji su bi diddigin abin da ƙarancin seleniyam ke yi wa tsokar zuciyar mai jego?

Je ka Gashuwa a Jihar Yobe, ko Haɗejiya a Jigawa, ka tambayi kowa game da ciwon ƙoda. Da wuya ka samu wanda bai san gidan da aka yi rashi ba, ko iyalin da wankin ƙoda ya cinye musu gona. A Nikaraguwa da El Salbado an ga irin wannan a tsakanin masu saran rake, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ake zargi shi ne aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, shekara da shekaru. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumi sama da lita ɗaya a awa guda. A 2010 kuma aka gano wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1 da suka yawaita a Afirka ta Yamma, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. To, a bakin kogin Yobe wanne ne? Zafi ne, ruwan sha ne, maganin feshi ne, gado ne, ko sun haɗu ne? Ga zafin kuma ƙaruwa yake yi. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma mutanen Sakkwato da Maiduguri da Yamai ba sa bukatar a ba su labarin bazarar da ta wuce 40. Me ke faruwa a jikin ɗan dako ko mai noman rani da ke azumi a irin wannan yanayi? Babu wanda zai zo daga Turai ya amsa mana wannan, domin ba damuwarsa ba ce.

Hatta kayan awon da muke dogara da su suna bukatar a sake duba su a jikinmu. Ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna yakan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Kuma sai a 2019, a wani gwaji da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka tabbatar da cewa haɗin maganin hawan jini mai ɗauke da amlodipine ya fi sauran haɗin da aka gwada sauke jinin baƙar fatar Afirka. Aiki jibge yake.

Amma me muke sa ɗalibanmu yi? Na ga ɗakin gwaji a wata jami'a ranar darasin ƙirga ƙwayoyin jini. Ɗalibai sun cika ɗakin har bakin ƙofa, madubin ƙara girma da ke aiki bai taka kara ya karya ba, ga wuta an ɗauke, sai an karkata ɗan madubin ƙasa a kamo hasken taga. Yarinya ɗaya ta yarda aka soke mata yatsa, aka tsotso jinin, aka sirka, aka ɗiga a gilashi. Na gaba-gaba suka leƙa, ko minti ɗaya ba wanda ya yi, na baya suka kwafi adadin daga littafin na gaba. A kusurwa ga tsohuwar na'urar nan mai ganga da ake shafa wa hayaƙin fitila don allura ta zana motsin tsokar kwaɗo, ƙura ta rufe ta. Ma'aikacin ɗakin, dattijo ne da ya san aikinsa sarai, ya ce da ni, "Malam, da a ce rabinsu ne, da kowa ya taɓa da hannunsa." Ba kasala ce ta hana shi ba. Yawa ne.

Idan aka zo aji huɗu kuma, duba jerin kundayen binciken kammalawa a sassan Fiziyoloji da dama, za ka ga kusan magana ɗaya ce ake juyawa: tasirin ruwan ganyen kaza a kan sugan jinin farin ɓera. Bana zogale, baɗi shuwaka, wata shekara tafarnuwa. Ban raina binciken tsirrai ba, magunguna da yawa daga can suka fito, kuma na san dalilin da ya sa malamai ke komawa gare shi: yana da araha, ɗalibai za su iya haɗa kuɗi su sayi ɓeraye, a gama cikin makonni kaɗan. Sai dai ɗalibin da ya karanta ilimin jikin ɗan Adam ya kamata a ce kafin ya fita ya iya ɗaukar gwajin ECG mai tsabta ya karanta shi, ya iya auna ƙarfin huhu, ya iya tattara awon hawan jinin mutanen unguwa guda ya fitar da ma'ana daga alƙaluman. Da yawa suna fita ba su taɓa manna wa mutum wayar ECG a ƙirji ba.

Sannan ranar fita ta zo. Wanda ya karanta aikin jinya yana da hukumarsa da lasisinsa. Mai haɗa magani yana da PCN, mai gwajin jini yana da MLSCN, mai ɗaukar hoto da mai gashin ƙashi kowa da hukumar da ke yi masa rajista, kuma suna da shekarar koyon aiki a asibiti da ake biyansu albashi. Mai Fiziyoloji ba shi da ko ɗaya. Ya yi darasi a tsangaya ɗaya da su, wani lokaci malami ɗaya ya koyar da su, amma a ƙofar asibiti shi kaɗai za a ce wa babu gurbinsa, in ban da 'yan kujerun jami'in kimiyya da ba sa isa ko'ina. Bayan bautar ƙasa sai ka same shi yana koyar da Bayoloji a makarantar kuɗi, ko yana tallan magani wa wani kamfani, ko yana zaune a shagon POS. Duk sana'o'in halal ne, ban ce komai a kansu ba, amma ba don su uba ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta ba. Masu ƙarfin hali sukan sake neman likitanci su shiga daga aji biyu, idan sakamakonsu ya kai. Lissafa: shekara 4 ta farko, 1 ta bautar ƙasa, 5 ta likitanci, shekara 10 ke nan kafin a zo koyon aiki, ban da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Ɗan talaka nawa ne zai iya? Mace nawa za a bari?

Akwai kuma wanda ba a son faɗa. Wasu, saboda unguwa ta riga ta saba kiransu "Dokta" tun suna aji biyu, sukan buɗe kemis su fara allura da ƙarin ruwa. Wannan haɗari ne ga jama'a, kuma tsarin da ya ba mutum rabin ilimin asibiti ya hana shi halastacciyar hanyar amfani da shi yana da kaso a laifin.

Alhali asibitocin namu neman hannu suke yi. Na raka wata 'yar uwa mai jego asibiti da haki da kumburi, aka rubuta mata gwajin zuciya. Na'urar tana nan, lafiyarta ƙalau, an lulluɓe ta da zane. Mutum ɗaya ne ya iya aiki da ita, kuma ba ya nan a ranar. Da aka samu aka yi, sai aka naɗe 'yar doguwar takardar aka ba mu, aka ce mu riƙe har ranar da likitan zuciya ke zama. Muna fitowa na ga wata tsohuwa ta ƙulle tata takardar a bakin zane kamar kuɗin cefane, za ta koma ƙauye da ita. A garin nan kuwa akwai matasa da suka shekara huɗu suna karanta abin da kowane lanƙwasa na wannan zanen ke nufi, suna zaune ba aiki.

A Ingila ba haka ake yi ba. Hukumar lafiyarsu ta NHS tana da ma'aikata da ake kira masana Fiziyolojin asibiti. Ba likitoci ba ne, ba sa rubuta magani. Su ne ke ɗaukar ECG, su ke yin mafi yawan hoton zuciya na eko su rubuta rahoto, su ke duba na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasa wa mutum, su ke gwajin huhu ga masu asma, da gwajin ƙwaƙwalwa na EEG ga masu farfaɗiya, da gwajin barci. Akwai digirin farko na shekara uku da aka tsara don haka, akwai kuma horo na shekara uku a cikin asibiti ga masu digirin kimiyya, wanda ke kai mutum ga rajista. Ƙasar da ta fi mu likitoci nesa ba kusa ba ta ga ya dace ta sauke wa likita wannan nauyi. Mu da likitocinmu ke ficewa kullum, mun bar shi a kan wanda ya rage. Wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja sun riga sun gane, suna ɗaukar masu wannan digiri su horar da su a kan na'urorin zuciya. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi tsari na ƙasa, da manhaja da jarrabawa da lasisi da matakin albashi.

Na san abin da za a ce. Wasu malamaina za su ce Fiziyoloji kimiyya ce tsantsa, ba sana'a ba, an kafa ta ne don samar da masu bincike da masu koyarwa, kuma mayar da ita aikin na'ura rage mata daraja ne. Da gaskiyarsu a rabin maganar. Ƙasa tana bukatar masu bincike, kuma sababbin makarantun likitanci da ake ta buɗewa suna bukatar masu koyar da wannan darasi. Amma sashe nawa ne ke iya ɗaukar ko da kashi ɗaya cikin goma na waɗanda ya yaye? Idan masu bincike ake son samarwa, to a ɗauki kaɗan, waɗanda suka zaɓi fannin da kansu, a ba su ɗakin gwaji na gaske. Ba zai yiwu a cika aji maƙil da sunan kimiyya tsantsa ba, sannan idan sun fito a ce musu ai dama ba don aiki aka koyar da su ba.

Wasu kuma za su ce asibitocinmu sun riga sun gaji da rigimar iko tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar JOHESU, ƙaro wani rukuni ƙarin wuta ne, kuma masu ɗaukar hoto za su ce eko nasu ne. Wannan damuwa ce ta gaske, ban ɗauke ta da wasa ba. Maganinta shi ne doka ta fayyace iyaka tun farko: ga gwaje-gwajen da wannan ma'aikaci zai yi, ga wanda zai yi aiki a ƙarƙashinsa, ga abin da ba zai taɓa ba. Tun ran gini tun ran zane. Tsoron rigimar ma'aikata bai kai ya zama dalilin da mai jego za ta jira mako guda kafin a karanta mata takarda ba.

Doka takan ɗauki lokaci, amma akwai abin da ba ya jiran majalisa. Sabon tsarin manhaja da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa a kusa da su. Sassan Fiziyoloji za su iya cika wannan kaso da awon zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, da lissafin alƙaluman lafiya, da sarrafa bayanai a kwamfuta, su kuma tura ɗalibai koyon aiki a ɗakunan gwajin asibiti maimakon ofisoshin da za su je su yi ta zaman sa hannu. Kundin aji huɗu ya fita daga kejin ɓera lokaci-lokaci ya je kasuwa da gona da tashar mota. Ma'aunin hawan jini da sikeli da ma'aunin zafi ba su fi kuɗin ɓeraye ba.

Kuma an ga abin da mutum ɗaya daga irin waɗannan fannoni zai iya. Dokta Mahmoud Bukar Maina Anatomi ya karanta a Jami'ar Maiduguri, ɗan uwan Fiziyoloji a wannan hali na rainin da ake yi musu. Ya zama masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya dawo ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, inda ciwon ƙodar nan na yankin yake cikin abubuwan da ake bincike a kai. Ba kowa ne zai samu hanyar da ya samu ba, kuma kuskure ne a riƙa nuna wa yara mutum ɗaya a ce kowa ya zama shi. Abin da labarinsa ke nunawa shi ne idan aka samu kayan aiki da gwamnatin da ta yarda ta sa kuɗi, ɗan wannan fanni yana da abin yi a garinsu.

Ga iyayen da wannan takarda ta shigo gidansu bana, ku zauna da yaron ku yi maganar a fili. Digirin nan ba ya mayar da mutum likita, kuma kada a gina shekara huɗu a kan fatan canjin kwas. Idan zuciyarsa a kan duba marar lafiya take, gara ya sake zana JAMB, ko ya nemi aikin jinya ko gwajin jini ko ɗaukar hoto, inda lasisi ke jiransa. Asarar shekara ɗaya ta fi sauƙi a kan huɗu. Idan kuwa yaro ne mai yawan tambayar me ya sa, wanda zai iya jure karatu har digiri na biyu da na uku, to ya shiga da ƙarfinsa, kuma tun daga aji biyu ya nemi malamin da ke bincike na gaske ya manne masa, ya koyi lissafin alƙaluma, ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa ɗakin ECG lokacin hutu. Kafin ku biya kuɗin rajista, ku je sashen da ƙafarku ku tambayi shugabansa ɗalibai nawa ne a aji, na'urori nawa ke aiki, kuma waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce suna ina yanzu. Haƙƙinku ne a ba ku amsa.